Majo Chékaraou na Ɗakin Tambaya

Sallaou yana riƙe da Chékaraou ta ƙarƙashin hammata, suna takawa kaɗan-kaɗan daga makewayi zuwa inuwar bango, sai suka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ba sai an faɗa wa Sallaou ba. Ya san kukan injin nan. Farar motar asibiti ce, kuma wannan ne zuwanta na uku cikin kwana biyar.

"Kada ka tsaya, Majo," in ji Sallaou. "Mu kai tabarma tukuna."

Chékaraou numfashi kawai yake nema. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga, fatar tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Da ƙyar Sallaou ya zaunar da shi, ya tura masa matashi a baya, sannan ya miƙe yana dafe da nasa ƙugun. Tun asuba yake ɗora bulo a wani gini a unguwar Sukra, ya roƙi mai aikin ya sake shi da azahar, kamar yadda yake yi wata guda ke nan. Siminti bai ma gama bushewa a gwiwar hannunsa ba.

Shekara huɗu suna haɗa bango a wannan gidan haya na unguwar Hajara, gida mai ɗaki shida, duk 'yan Nijar masu aikin ƙarfi. Su biyun kaɗai ne suka fito daga ƙasar Tasawa, kuma su ne masu furfura. A can gida Chékaraou ya yi shekara ashirin da biyu yana aikin jinya, har ya zama shugaban ɗakin shan magani, abin da ake kira majo, sunan kuma ya bi shi har hamada. Bayan babban farin da ya cinye dabbobi da mutane, matarsa ta rasu, ya aurar da 'yarsa guda ɗaya, Nafi, ya bi masu tahowa garin Sabha neman aiki. A nan aka ce takardunsa na Faransanci ba su da amfani, aka ba shi tsintsiya a ma'ajin magani na asibiti.

Lokacin kuwa kuɗin man fetur sun buɗe. Jirgi yakan sauke kwalaye daga Faransa da Italiya da Jamus, a jibge su har rufi. Likitocin ma haka aka kwaso su, wannan daga Masar, wancan daga Pakistan, wani daga Bulgariya, kowa da sunan da ya san magani da shi a ƙasarsu. Magani ɗaya sai ya zo da suna huɗu. Wata rana mai shara ya ga an ɗauko wani kwali za a kai ɗakin yara, ya ajiye tsintsiya ya ce ba shi ba ne, kuma aka duba aka ga ba shi ba ne. Tun daga ranar aka fara tambayarsa. A hankali aka ba shi tebur a wani lungu, aka ja masa wayar tarho. Likita zai bugo ya ce wannan ana haɗa shi da wancan, ko nawa ake ba mai ciki, ko mene ne madadinsa in ya ƙare. Shi kuma ya karanta takardar da ke cikin kwalin, ya duba tsohon littafinsa, ya amsa, sannan ya rubuta amsar a kati ya jera cikin kwalin takalmi. Ma'aikata suka sa wa lungun suna ɗakin tambaya. A takardar albashi kuwa har yau mai shara ne.

Yanzu ciwon sukari ya cinye masa ƙoda, ya rufe masa ido. Shi da kansa ya sa aka karanta masa sakamakon gwajinsa, ya ce a sallame shi, gado ya fi amfani ga wani.

Hniya ce ta yi sallama ta shigo, da farar rigar aiki da ƙaramin kwali a hannu. Babbar ma'aikaciyar jinya ce, 'yar nan yankin Fezzan, ta kusa shekara hamsin. Kakarta daga Damagaram aka kawo ta zamanin ayarin raƙuma, kuma a bakinta Hniya ta tsinci 'yar Hausar da take yi.

"Baba Chékaraou, yaya jiki?"

"Jiki yana inda kuka bar shi shekaranjiya," Sallaou ya riga shi amsawa. "Baiwar Allah, ba ku da tausayi? Gobe da sahe mutumin ga zai hau kamyo, babbar motar kaya. Kwana goma cikin rairayi kahin Agadas. Ku bar shi shi tara ɗan ƙarhin da ya rage mai mana."

"Ni sani, Sallaou. Wallahi ni sani." Ta durƙusa a bakin tabarmar. "Amma mutum yana mutu. Mutum naku ne, sunan shi Lamine. Daga gona aka kawo. Ya fesa maganin ƙwari, babu abin rufe hanci. Kumfa a baki, ido ƙarami, ƙirji duk ruwa."

Chékaraou ya ɗago kai. "An yi mai allurar hwarko, ta busar da ƙirji?"

"Likita ya yi, biyu. Yana tsoro ya ƙara. Ya ce akwai magani na biyu, na karya dafi. Mu samu wannan." Ta miƙa kwalin. "Rubutu Faransa. Miftah yana Tarabulus, babu mai karanta."

Miftah shi ne shugaban ma'ajin magani. Ko yana nan ma, Turancin Ingila ya karanta.

Chékaraou ya karɓi kwalin, ya kai shi dab da hanci, ya matsar, ya juya shi wajen haske. Sallaou ya kau da kai, don ba ya son ganin wannan. Mutumin da yake karanta wa gidan nan duka wasiƙunsu yau bai iya raba baƙi da fari.

"Ke kin san baƙaƙen boko," ya ce da Hniya. "Kira mini su ɗaya-ɗaya."

Ta fara kira, tana tuntuɓe, tana komawa baya. Shi kuma ya rufe ido, leɓunansa suna bin ta. Ba ta kai ƙarshen layi na biyu ba ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wanga ba shi ba ne. Sunan ne ya yi kama. Wanga na tsinka jini ne. In kun ba shi, kun ƙara mai wata wahala."

Hniya ta dafe kai. "To wane?"

"Akwai shi. Ya zo cikin kayan bara, kwali goma sha biyu, ba wanda ya taɓa tambayar shi. Na sa shi..." Ya tsaya yana laluben wurin a cikin kansa. "Can ciki, bayan kwalayen ruwan ƙari. Ko ƙasan kanta ta uku. An sake jeri bayan na kwanta?"

"An sake. Kaya sabo ya zo."

Ƙudaje suna ta yawo a bakin kwanon kunun da ya kasa sha da safe.

"Sallaou, kama ni."

"Ban kama ka."

"Kama ni, na ce."

"Majo, ka ji tsoron Allah a kan ranka. Wata guda ina ɗaukar ka ina ajiyewa don ka ga Nafi da idonka. Na bi Djibrilla direba har tasha sau uku kahin ya yarda shi ba ka gaban mota. Asibitin nan mi suka yi maka? Ko rigar aiki ba su ba ka ba."

"Ba don su ba ne."

"To don wa? Ka san shi, Lamine ɗin?"

"Ban san shi ba. Kai ka san shi?" Ya miƙa hannuwa biyu sama kamar yaro mai son a ɗauke shi. "In ba ka kamawa, baiwar Allah ga ta kama, ka ji kunya."

Sallaou ya ja tsaki mai tsawo, ya sunkuya ya ɗauke shi. Bai fi buhun siminti nauyi ba, duk da kumburin.

Motar tana ratsa tituna da aka fasa ana shimfiɗa bututu, ko'ina ƙarafan gini a tsaye, ko'ina baƙaƙen mutane da rawani suna tura baro cikin rana. Kan Chékaraou yana bugun kafaɗar Sallaou duk inda suka faɗa rami.

A asibiti aka ɗora shi kan kujera mai taya. Ma'ajin dogo ne, mai sanyi, yana warin kwali da sinadari. Sallaou bai taɓa shiga ba. Ya ga teburin da ake faɗi a lungu, da baƙar wayar tarho, da kwalayen takalmi biyar a jere. Abin ya ba shi mamaki, don yadda Majo yake ba da labarin wurin ya ɗauka wani babban ofis ne.

"Tura ni ciki. Dama. Ƙara. Sauke mini na ƙasa."

Sallaou ya yi ta sauke manyan kwalaye, Hniya tana yanka su da almakashi, tana miƙa wa tsohon abin da ke ciki. Shi kuma ya shafa, ya girgiza a kunne, ya ture. Na farko ba shi ba. Na biyu ba shi ba. Gumi ya jiƙe rigar Sallaou. Wani dogon likita Bature ya leƙo sau biyu yana magana da sauri cikin Larabcin da bai nuna ba, Hniya tana ce masa ya yi haƙuri. A kwali na bakwai Chékaraou ya riƙe wani ɗan fakiti, ya buɗe, ya taɓa kwalabe biyu-biyu da ke ciki, ɗaya gari ɗaya ruwa.

"Kira mini baƙaƙen."

Ta kira huɗu kacal ya ce, "Shi ne."

Daga nan muryarsa ta sauya. Sallaou bai taɓa jin ta haka ba, a tsaye, babu rawa. Yana faɗi da Hausa, Hniya tana juyawa da Larabci, likitan yana rubutawa a bayan hannunsa. A narkar da garin, a zuba cikin ruwan ƙari, a bar shi ya shiga jijiya a hankali, kada a tura shi lokaci guda. Ya faɗi yawan da za a fara da shi da lokacin da za a maimaita. Allurar farkon kuma kada a ji tsoronta, a yi ta ƙarawa har sai ƙirjin ya bushe. A tuɓe wa mutumin tufafin da ya yi feshi da su, a wanke shi da sabulu, mai wankin ya sa safar hannu. Likitan ya yi wata tambaya, ya amsa. Ya sake wata, ya amsa. Sannan suka kwashi maganin suka fita da gudu, suka bar su biyu a tsakiyar kwalaye.

Sai a lokacin kan Chékaraou ya faɗo gaba. Sallaou ya tare shi da tafin hannu.

"Ka gani ko?" ya ce a hankali. "Ka gani?"

Washegari da hantsi Djibrilla ya zo da kansa, rawaninsa a wuya, ya tsaya a bakin ɗaki. Ya dubi mai kwance, wanda tun jiya ko ruwa ya sha sai ya dawo, sannan ya ja Sallaou gefe.

"Baba, ni ban ɗaukar wanga. Ba ya kai ko garin Gatrun. Ka so in gina mai rami a bakin hanya?"

Sallaou bai yi gardama ba. Ya raka shi ƙofa, ya dawo ya zauna a kan jakar da ya ɗaure tun shekaranjiya, da turmin atamfa da sabulai da Majo ya saya wa Nafi a ciki.

"Ya tahi?" in ji Chékaraou daga kwance.

"Ya tahi. Da ba ka je asibitin nan ba..."

"Sallaou, ko ban je ba ban kaiwa. Na sani tun ran da aka karanta mini takarda. Na bar ka kana ta shiri ne don na ga shirin yana riƙe ka."

Sallaou ya tashi ya fita tsakar gida ya wanke kwanonin da ya riga ya wanke.

Da la'asar Hniya ta dawo, wannan karon a ƙafa, ɗauke da kwalin takalmi ɗaya. Ta ce Lamine ya buɗe ido, ya nemi ruwa. Chékaraou ya ce alhamdu lillahi, sai ya tambaye ta abin da ta riƙo.

"Kati naka. Duka Faransa. In kai babu, kati babu amfani. Ni kira, kai faɗa, ni rubuta Larabci a baya."

Sallaou ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar maƙwabcinsa, ya fasa. Ya ɗauko mata kujerar tsugunno, ya hura gawayi ya ɗora shayi.

Haka suka yi kwana biyar. Tana tashi daga aiki ta biyo, ta zauna daga bakin ƙofa, ta kira baƙaƙe, shi ya faɗi abin da maganin yake yi da wanda ba a ba shi da abin da ba a haɗa shi da shi. Ranar farko sun yi kati arba'in. Rana ta uku goma sha biyar. Wani lokaci yakan tsaya a tsakiyar magana, barci ya ɗauke shi, ta jira da biro a hannu har ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wani lokaci kuma ya farka yana kiran sunan wani ƙauye, yana cewa a tafasa allurai mutane sun yi layi. Sallaou ya daina zuwa gini gaba ɗaya. Shi ke juya shi, shi ke canza masa zane, shi ke ɗiga masa ruwa da cokali. Bayansa ya riƙe, idanunsa suka yi ja. Sauran 'yan gidan sukan leƙo in sun dawo, su yi sannu, su wuce, kowa da gajiyarsa.

Rana ta biyar, Alhamis, Hniya ta kira wani suna sau biyu bai amsa ba. A na uku ya ce, "Bar shi nan, ɗiyata. Sauran ku tambayi Miftah, shi buɗe littahi. Ya iya, ƙyuya ce gare shi."

Ta rufe kwalin. Na biyu ne cikin biyar, shi ma bai kai rabi ba.

"Sallaou."

"Ga ni, Majo."

"Juya ni gabas."

Ya juya shi, ya gyara masa matashi.

"Ka gaya ma Nafi..." Ya yi shiru har Sallaou ya ɗauka barci ne. "Kai dai ka san yadda za ka ce mata. Kada ka ce na sha wuya."

"To."

"Ka sha wuya da ni."

"Bar wagga magana."

Sallaou ya fara kalmar shahada a hankali, yana maimaitawa, leɓunan tsohon suna motsi tare da shi. A waje wata motar yashi tana juye kaya, ƙarar ta cika unguwa. Kafin ta gama, numfashin ya tsaya. Sallaou ya jira na gaba, bai zo ba. Ya shafe masa ido, ya ɗaure masa haɓa da gefen rawaninsa. Hniya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, kwalin yana kan cinyarta.

An yi jana'iza washegari bayan sallar Juma'a, shi ya sa aka samu mutane, don ranar babu aiki. 'Yan Nijar sun cika sahu uku. Miftah ya dawo daga Tarabulus a safiyar, ya shiga sahu, ya kama makara har maƙabarta. Likitoci biyu Misirawa sun zo. Dogon Baturen nan ma ya zo, ya tsaya can nesa a rana, hularsa a hannu, bai san inda zai sa kansa ba. Da aka gama ya nufo Sallaou ya riƙe hannunsa ya yi wata doguwar magana. Sallaou bai gane ko kalma ɗaya ba, ya dai ce masa amin.

Bayan kwana tara aka ce wata mota za ta tashi zuwa Agadas, kuma a cikin fasinjojin akwai mai wucewa Tasawa. Sallaou ya ba shi jakar. Saura saƙon baki, shi kuwa ba ya rubutu, mai rubuta masa kuma shi ne ya tafi. Wani ɗan gidan, Inoussa, ya ara masa rediyo mai ɗaukar magana, ya sa sabon kaset, ya nuna masa maɓallai biyu da zai danna tare, sannan ya fita ya ja masa ƙofa.

Sallaou ya zauna a bakin katifarsa, ya ɗora rediyon a gwiwa. Ya share murya, ya danna.

"Salamu alaikum. Nafi, ni ne Sallaou, maƙwabcin babanki, ɗan Gazawa. Ina gaishe ki. Ina gaida maigidanki da yara. Ina gaida mutanen gida duka, manya da ƙanana. Bayan gaisuwa..."

Ya tsaya. Ta 'yar tagar gilashin yana ganin zaren kaset ɗin yana naɗewa daga wannan gefe zuwa wancan. A tsakar gida wani yana zuba ruwa a bokiti, can nesa ana buga guduma a kan ƙarfe. Ya ɗora manyan hannuwansa masu tsagewar siminti a kan rediyon, ya zauna, zaren yana ta juyawa.